Ɗan Rakiya

Yayana mai sa tayil ne. In ka shiga gida ka ga daɓen ya kwanta sumul, layi ya miƙe sambal daga ƙofa har bango, wataƙila shi ya durƙusa a wurin. Gwiwoyinsa sun yi kanta, siminti ya cinye masa tafin hannu har wayarsa ba ta gane yatsansa. Leburori suna kiransa Inji, don in ya ja igiya ya ɗauki gudumar roba, ba ka ƙara jin muryarsa sai an tashi. Kuma ba fushi yake yi ba. Da fushi ne ma da mun gode Allah, ko ba komai mun san akwai mutum a ciki.

Baba ne ya koya masa sana'ar, tun bai isa ɗaga buhun siminti ba. Ni na tsira da aike da wanke-wanke, amma na sha kai musu abinci wurin aiki, na kuma gani da idona. Baba yakan bari sai Yaya ya gama ɗaki kaf ya wanke hannu, sannan ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da makulli. In guda ya yi ƙarar rami, ba shi kaɗai zai cire ba, layin gaba ɗaya zai farfasa a gaban mai gida da leburori, ya ce a yi haƙuri, wannan yaron a hanya aka tsinto shi. Wata rana da mari, wata rana babu.

Da Yaya ya kawo ƙarfi sai ya ware ya kama nasa aikin. Ba su taɓa yin cacar baki ba. Yana zuwa gaisuwa, yana kai magani da cefane, in gaisuwa ta ƙare kowa ya kama kallon bango. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, ina ta kuka a ɗakin asibiti na ɗaga kai na ga ya ƙura wa ƙasa ido. Daga baya ya ce mini wani layi ne ya karkace a daɓen, shi yake kallo. Ranar da ya faɗa mini haka na wanke shi tas.

'Yarsa ce sanadin zuwansa wurin likita. Ta kawo masa zanen gida da ta yi a makaranta, ya karɓa, sai ya ji bakinsa yana cewa bangon ya karkace, ta je ta sake. Yarinyar ta karɓi takardarta ta tafi, ko hawaye babu, kuma rashin kukan nan shi ya tsaya masa a rai. Matarsa ta samo masa wata likita, irin waɗanda ba allura ba ƙwaya, sai dai a zauna a yi ta magana. Ƙaramin ɗaki ne a saman wani kantin magani, da fanka, da kujeru masu taushi, da kwalin tishu da Yaya bai taɓa kai wa hannu ba. Ya yi watanni yana zuwa shi kaɗai. Daga nan ya ce abu ɗaya yake so: ya faɗa wa Baba abin da ya yi masa, ido da ido, Baba kuma ya ji. Ba haƙuri yake nema a ba shi ba. So yake ya ga ko wani abu zai motsa masa a ƙirji.

To wa yake da ƙarfin halin ce wa Baba ya zo a sasanta shi da ɗan cikinsa? Matar Yaya ce ta je, da suka haɗa ido da tsohon sai ta kasa faɗin gaskiya, ta ce masa Yaya ne ba shi da lafiya, likita tana son ganin mahaifinsa. Baba bai tambayi komai ba. Ranar tafiya muka tarar da shi a ƙofar gida ya yi wanka ya sha guga, ga gorar ruwa, ga bargo a naɗe, wai ko za a kwantar da mara lafiya. Ni aka ɗauka in taimaka masa hawa bene, da muka shiga kuma ya ƙi sakin hannuna, Yaya ya ce in zauna.

Likitar ba ta yi masa rufa-rufa ba. Ta ce ba jinya aka zo ba, magana ce tsakanin uba da ɗa, kuma su biyun duka ta kira. Baba ya gyaɗa kai irin wanda ake yi wa likita, ya gyara zama, ya shiga ba da bayanin mara lafiyarsa. Ya ce yaron ba ya cin abinci sosai. Gwiwarsa ta hagu ke damunsa, shi ya sa yake fara durƙusawa da ta dama. Tun yana ƙarami in ransa ya ɓaci sai ya dinga sosa bayan kunne. Duk gaskiya ne, kuma ni da nake ganin na san kowa a gidanmu ban san rabinsu ba. Yaya yana zaune da hannu a bayan kunne, ya sauke shi a hankali.

Haka muka yi ta sintiri mako bayan mako. Kullum sai likitar ta sake yi wa Baba bayani, kullum sai ya tambaye ta ko ta rubuta magani. A mota yana kiranta likitar surutu, amma bai taɓa makara ba.

Ran nan Yaya ya buɗe baki. Ya ce ba ya jin daɗi, ba ya jin ciwo, in ya gama ɗaki mai gida yana yabo shi tsaye kawai yake yana jiran a fasa. Ya faɗi maganar zanen 'yarsa. Muryarsa ba hawa ba sauka, kamar mai kwatancen hanya. Idon Baba ya kaɗa ya yi ja, ya matso bakin kujera.

"Likita, wa ya yi masa haka?"

Ta dubi Yaya.

"Kai ne, Baba."

Ya kuwa zayyana masa komai, makullin, da marin, da maganar tsintuwa a hanya. Baba ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Sannan ya karkata wajen likitar ya rage murya, yadda ake yi don kada mara lafiya ya ji.

"Kin ji ko? Har da irin wannan yake fama. Ni da na ba shi sana'a. Yana da magani kuwa?"

Wallahi ji na yi kamar in kifar da teburin likitar. Yaya kuwa ya tashi ya ɗauko wa Baba sandarsa, ya riƙe shi suka sauka. Bayan mun ajiye tsohon na tambayi Yaya me ya ji. Ya ce ya laluba, kamar mai laluben aljihu, bai tarar da komai ba. Na ce to shi ke nan, ya faɗa, ba a ji ba, a bar wahalar da man mota da ƙafafun mutane.

Mako na zagayowa sai ga wayarsa, wai in shirya, Baba yana ƙofar gida tun ɗazu. Na ce masa don Allah me ya rage da zai koma nema a ɗakin nan. Ta wayar ina jin ƙarar injin motarsa.

"Tun da aka haife ni bai taɓa raka ni ko'ina ba," ya ce. "Ki fito, yana jira."