Jirgin da Lawali bai ga tashinsa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita makaranta yayansa ya kira ni, ya ce Lawali Tela ya rasu. Yanzu muka dawo daga maƙabarta, har yanzu jikina bai yarda ba.

Mutanen Ƙofar Dundaye sun san shi da ɗinki. Ni na san shi da jiragen yaƙi.

Akwai wani gem da muke yi a kwamfuta, wanda mutum zai ƙera jirginsa da kansa, tun daga inji har fukafukai, sannan ya tashe shi ya ga ko zai yi. Lawali ke ƙerawa, ni ke tuƙi. Bai taɓa shiga jirgin gaske ba, ni ma haka, amma Kyaftin yake kirana, ko a gaban ɗalibaina ne.

Bayan la'asar nake hawo Keke Napep daga Arkilla zuwa shagonsa. Ina isa zai ture yadi gefe, ya share teburin yanka, ya ɗora kwamfutar a kai. Kullum akwai furar da ya ajiye mini a ƙarƙashin teburin. Rigar makarantar 'yata ma shi ya gyara, ban ko roƙe shi ba, gani ya yi ta yi mata kaɗan.

Sunan yadi yake sa wa jiragen. Akwai Shadda, akwai Atamfa, akwai wani Leshi da bai taɓa barin ƙasa ba, muka yi ta yi masa dariya. Da tef ɗin awo yake auna fiffike a jikin sikirin. Na sha gaya masa gem ɗin na da ma'auninsa, ya ce shi bai yarda da awon da ba hannunsa ya yi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, in ina tuƙi ba ya kallon sikirin. Bayana yake tsayawa yana kallon kafaɗuna. Wai haka yake yi in mutum ya zo gwada kaftani: baki zai ce ya yi, amma kafaɗa ce ke nuna inda ya matse. In ya ga na karkace ina kokawa da jirgi, sai ya ce in sauka, hammata ta kama, a sake yanka.

Harbin bai dame shi ba. Bindigogi yake sa wa jirgi don dai sunansa jirgin yaƙi. Abin da yake so shi ne jirgin da zai haye saman gajimare, a rage masa wuta, ya yi ta shawagi kamar shirwa. In muka kai can sai shagon ya yi tsit. Hasken yamma na shigowa ta ƙofa, rana a cikin gem ɗin ita ma tana faɗuwa, sai ka rasa a wace kake. Nan ne kawai yake leƙo sikirin, ya ce ko haka Sakkwato take daga sama, gulbi kamar zare.

Wallahi na yi kewar wannan shirun tun kafin a kai ko'ina.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba shi a gida, bayan an sallamo shi daga asibiti. Ya rame ƙwarai, amma kwamfutar na kan cinyarsa. Ashe a kwance ya gama sabon jirgi, siriri mai dogayen fukafukai, ya sa masa suna Saƙi. Ya tura mini shi kwamfutata nan take. Na ce bari in gwada, ya riƙe mini hannu.

"A'a Kyaftin. Wanga shi na munka daɗe muna nema. Kak ka tashe shi sai na iya tsayuwa bayanka."

Na ce to ya yi sauri ya warke, direba ba ya jira. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Da na dawo daga jana'iza na kunna kwamfuta. Saƙi na nan a bakin titin jirgi, hancinsa na kallon gabas. Na tada injin, na zauna ina jin ƙararsa. Hannuna na kan maɓallin, sai na ji na gyara zama, na daidaita kafaɗuna, kamar yadda na saba yi in ya taso daga kan keken ɗinki.

Ba kowa a bayana. Na kashe injin.

Ban san ko Saƙi zai tashi ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Zan bar shi a inda mai shi ya ajiye shi.

Ya Allah ka jiƙan Lawali, ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ɗaga shi sama da inda ya taɓa mafarki. Ka bai wa iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a.