Teburin Kantin

A unguwar Gut Dor, cikin birnin Pari, ba mu da murhu. Gindin shofaj, na'urar ɗumama ɗaki, muke taruwa bayan magariba, Kaka ta miƙe ƙafa tana mita da sanyin Faransa. Gizo bai dame ta ba. In ta ce "Ga ta nan," to labarin Rabi 'yar Damagaram za mu sha, wakiliyar sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, a otel ɗin da suka yi shara tare.

Wai a otel ɗin, Turawan ma'aikata a ɗakin cin abinci da ake kira kantin suke ci, can sama. Baƙaƙen mata kuwa a ƙarƙashin ƙasa, cikin tarin zannuwan wanki. Ba wanda ya taɓa korarsu, cewa aka yi nan ya fi musu sutura. Su ma suka yarda, don ina 'yar mutunci za ta buɗe baki tana tauna gaban maza?

"Mu a zatonmu kunya muke yi," in ji Kaka. "Ashe shinge aka yi mana da ita."

Rabi ta bi su da magana har ta gaji. Rannan ta ɗauki kwanon dambunta ta hau sama ita kaɗai, ta zauna tsakiyar Turawa, har da yi musu bismilla. Matan suka ce ta zubar musu da mutunci. Ta san takardun zamanta a kan aikin nan suke rataye, ba ta fasa ba. Mai otel ya ce warin abincinta yana damun jama'a, daga baya ya samo wata hujja ya sallame ta.

Washegari matan suka hau gaba ɗaya, kowacce ta ja gyale ta kare baki. Aka rasa yadda za a yi da su, aka ƙyale su. Rabi dai ba a mai da ita ba, takardunta suka mutu, ta koma gida. Daga nan Kaka ta ce ƙurunƙus, kowa ya nemi makwancinsa.

Da muna yara Rabi muke yi wa tafi. Sai da na fara aiki a Liyon, Kaka ta tsufa, na tambaye ta ko abincin sama ya fi daɗi.

"Ke, wa ya ci? Ni loma ba ta taɓa wuce mini gaban maza ba. Hawa nake in zauna, kwanona a rufe."

"To don me, Kaka?"

"In na tashi, sai su ce da ma ba mu so."

Har ta bar aikin nan, da yunwa take komawa shara.