Ashirin da Uku Ba Ta Shiga Sahu

A ƙarshen layin masu gyaran waya, jikin shagon aski, akwai wani ɗan ɗaki mai shuɗin labule da aka zana wa jirgin sama. A nan Mai Hoto ya tsufa. Bai yi nisa a boko ba, amma jera mutane gaban kyamara ya sa ya san halin lambobi kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. A wurinsa goma sha biyu 'yar albarka ce: bibbiyu, uku-uku, hurhuɗu, shida-shida, duk yadda ka jera ta ba musu. Amma akwai masu kunnen ƙashi, irin su bakwai da sha uku, waɗanda ko ya ka raba su sai wani ya yi saura yana leƙe ta gefe.

Sai Allah ya jarrabce shi a cikin gida. Shi da matarsa da 'ya'ya da surukai da jikoki, ashirin da uku cif.

"Malam, ka ɗauki hoton kowa a garin nan, mu ko ɗaya ba mu da shi a bango," in ji matarsa.

"Ba ƙi na yi ba. Sahu biyu, saura ɗaya. Sahu uku, saura biyu. Ashirin da uku ba ta da dangi, sai dai a yi layi guda kamar masu jiran mota."

"To a zaunar da ɗaya a ƙasa mana."

"In zubar da mutuncin sana'ata a gidana?"

Ana haka matar ɗansa na tsakiya ta samu ciki. Mai Hoto, wanda a da ko kallonta ba ya yi don kunya, ya shiga aiko mata da lemo da ayaba. Ashirin da huɗu na tafe: sahu uku, takwas-takwas!

Ranar haihuwa ɗan ya faɗo shago yana haki. "Baba, tagwaye ne!"

Tsohon ya shiga ƙirga da yatsu, har ɗan ya fara tsorata. Can ya daka tsalle. "Biyar-biyar sahu biyar! Kai, yarinyar nan 'yar halak ce!"

Da jariran suka yi ƙwari, ya aro bencina a shagon aski ya jera a tsakar gida. Dogaye a baya kan benci, gajeru a gaba, tagwaye kan matashi kowa da gurbinsa. Ya gyara wa wannan hula, ya ɗaga wa wancan haɓa, ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ya ruga ya shige gurbinsa.

Daidai nan aka yi sallama. Yayarsa ce, wadda tun suna yara bai taɓa iya ce mata a'a ba, ta zo ganin jarirai da ƙatuwar jaka.

"Au, hoto ake ba a gaya mini ba?" Ta ture jika guda, ta zauna daram a tsakiya.

"Yaya, don Allah ki ɗan..."

Ƙyas! Wuta ta haska.

Hoton ya fito tas. Kowa na dariya, ban da Mai Hoto, da ya fito baki buɗe, hannu a miƙe kamar mai tsayar da tasi. Ya so a sake, yayar ta ce ita ba ta taɓa yin kyau irin na ranar ba, maganar ta mutu.

Matarsa ta sa aka yi masa gilashi ta rataye a falo. Shi kuwa ya juya kujerarsa ta ba wa bangon baya. In baƙo ya yaba hoton, ba ya waiwayawa.

"Ashirin da shida," yakan ce. "Sha uku har biyu. Sha ruwanka kawai."