Faransancin Takaba

A cikin takaba na fara koyon Faransanci. Maigidana mahauci ne a Garwa, ya fita da asuba, aka dawo da shi a motar asibiti. Ban yi kukan da mata suka zo ji ba. Na dai zauna inda aka ce in zauna.

Bayan sadakar bakwai, yayan maigidan ya ce zai ɗauki ɗana na fari zuwa Maruwa, can unguwar Domayo inda yake zaune. Dalilinsa kuwa, ni ban taka lakwal ba, wato makarantar boko, wa zai duba wa yaro karatu? Ya bar maganar sai na fita takaba.

A wurinmu uwa ba ta roƙo a kan ɗan fari. Ko sunansa ba na kira. Abin da na iya kawai shi ne na toshe wannan dalilin. Sai na sa yaron ya riƙa zama da ni bayan la'asar da littafinsa na nahawu. Ya karanta, na maimaita. Faransanci yare ne mai fitina: tebur mace, rana namiji, fi'ili kuwa sai ya canja riga ga kowane mutum. Yaron ya kwaikwayi malaminsu, har da buga sanda a tabarma idan na kuskure. Ina haddacewa kamar yadda nake tsince shinkafa, hannu na aiki, zuciya ba ta wurin. Ba daɗi nake ji ba, ba wuya ba. Kafin watannin su ƙare na iya karanta aikin gidansa, har na kama shi da kuskure sau ɗaya, ya yi fushi.

Da baffan nasa ya dawo, na ajiye littafin kusa da ni a buɗe. Ko kallonsa bai yi ba. Ashe ya manta ma da dalilin da ya bayar. Ya sha ruwa, ya yi addu'a ga mamacin, sannan ya ce, "Maman yara, kina da magana?"

Yaron yana tsaye bakin ƙofa, yana kallon bakina.

Na ce, "Yaya, ai ɗanku ne."

Washegari mai babur ya zo kai su tasha. Yaron ya shigo ya ɗauki littafin daga gefena, don nasa ne, za a nema a sabuwar makaranta. Na miƙa masa fensirin da ya faɗi.