Daga Inda Shagon Don Tránsito Yake a Da

Shekara arba'in Doña Remigia tana ɗinki a unguwa ɗaya a Managua, ba ta taɓa damuwa da sunan titinta ba. Nan kwatance ake yi: daga wuri kaza, layi biyu wajen tafkin garin, ɗaya gabas. Ko wurin ya rushe, ba a fasa kwatance da shi.

'Yarta Yamileth ta kusa haihuwa a Medellín, ga shi ɗaki ɗaya suke ciki ita da mijinta. Sai ta samo wa uwar dabara, musayar gida ta wata biyu da wani tsohon malamin makaranta na can Medellín, Don Hernando, da matarsa. Remigia ta sayi littafi ta duƙufa wajen rubuta wa baƙin bayanin gari: ranakun da ake ɗauke ruwa, mai cukun da ba ya algus, kantin magani, asibiti. Kowane kwatance kuwa farkonsa ɗaya ne, daga inda shagon askin Don Tránsito yake a da.

Tránsito mijinta ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, shagon ma an rushe shi an yi wurin wankin mota.

Ta ɗauki hoton shafukan ta tura wa Yamileth, nan take waya ta yi ƙara.

"Mama, ke ma dai. Mutumin nan fa mai ciwon suga ne. In ciwo ya tashi, shagon Baba zai tsaya nema?"

"Kowa ya san shagon."

"Kowa wa? Ke da maƙwabciyarki Doña Chepita, ita kuma ba ta ji sosai."

Maganar ta yi mata zafi, don ita ma tana zargin haka. Unguwa ta cika da baƙin fuskoki, ita kuma ta daɗe da daina bin wannan layin. Ta ɗauki biro za ta soke sunan, ta kasa. Haka ta hau jirgi da fargabar kada son zuciyarta ya ɓatar da marar lafiya.

Ranar da ta cika kwana tara a Medellín, tana riƙe da sabuwar jikarta, Don Hernando ya bugo.

"Doña, jiya maganina ya ƙare. Na tari tasi na karanta wa direban kwatancenki, ban kai ƙarshe ba ya ja mota."

"Ya san mai shagon ne?"

"Ina fa. Ɗan garin Estelí ne, shekararsa biyar kacal a Managua. Amma ya ce duk direban da bai san inda shagon Don Tránsito yake a da ba, gara ya koma gona."

Remigia ta yi ta zuba masa godiya. Daɗi ya cika ta, ta ji ba ta da bakin gode wa mutanen garin nan da suka riƙe mata sunan miji ba tare da ta roƙe su ba.

Yamileth ta ɗago daga kan gado. "Sun ɓata ko?"

"Ba su ɓata ba," in ji Remigia. "Babanki ya kai su."