Sunan da na bayar a hanyar Kagoro

A ajin ƙarshe na sakandare a Kafanchan mun karanta wani littafi, labarin yarinyar da ta ɓoye addininta don ta tsira. Malaminmu, dattijo ne a coci, ya rubuta a allo cewa jigon labarin raunin bangaskiya ne. Na kwafa, na haddace, na ci jarrabawa da shi.

Watan jiya ina dawowa daga Kagoro, wasu samari riƙe da sanduna suka tare bas ɗinmu. Ban san ko na wane ɓangare ba ne. Ɗaya ya leƙo ta taga ya ce, "Ke, yaya sunanki?"

A gidanmu kowa sunansa biyu: na baftisma, da na ranar haihuwa, wanda Kirista da Musulmi duk suke amsawa. Na ba shi na ranar. Ya dube ni, ya wuce kan na bayana.

Ba ƙarya na yi ba, sunana ne. Amma na san abin da ya sa na zaɓe shi, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba.

Yanzu ƙanwata ce ke karanta littafin. Shekaranjiya ta ce, "Yaya, wai yarinyar nan ta yi musun Ubangiji ne?" Na ce ta rubuta abin da Malam ya ce, shi ke ba da maki. Ta ce ai ni take tambaya. Na ce ban sani ba.