Dattijon da Kwamfutarsa Ta Kama Wayifai

Malamar ɗakin karatu ta dakata da jera littattafai, tana kallon wani dattijo a teburin bakin taga. Tabarau a kan hanci, biro biyu a aljihu, murfin kwamfutarsa liƙe da salatif. A ranta take cewa wannan tsohon makanike ne, irin wanda ba ya yarda da injin da bai leƙa cikinsa ba.

Yana saka wa kwamfutar manhajar da kowa ke iya dubawa ya gyara. Sai allon ya tambaye shi ko a haɗa da 'yar manhajar kamfani, rufaffiya, wadda in babu ita wayifai, wato intanet mara waya, ba ya tashi. Ya zauna yana shafa gemu.

Malamar ta matso ta ce, "Baba, lafiya?"

"'Yata, bara sati guda na yi ina farautar abin nan, ban samu ba. Yau ga shi da ƙafarsa. Ba na son abin da aka kulle mini, amma jikokina suna nesa, ta intanet muke gaisawa."

Ya danna amincewa, wayifai ya kama. Ya manta inda yake, ya buga waya gida, murya har bakin ƙofa:

"Uwargida, naɗe doguwar wayar intanet ɗin nan da ke harɗe ki a falo! Yau kin huta."